Kyanwar Lami aka ce ba ta cizo, tamu dai tana yi

Alhamis, 7 ga Nuwamba 2024

Yau aka kawo mana 'yar mage. Ɓeraye ne suka ishe ni wallahi, sati biyu da suka wuce suka cinye min gefen shaddar mutane da aka kawo ɗinki, sai da na shiga Kwari na nemo irinta da kuɗina, kuma shinkafar ɓera ba zan sa ba saboda Auta, shekararsa uku amma har yanzu duk abin da ya tsinta a ƙasa baki yake kaiwa. Magen maƙwabciyarmu ta haifi huɗu, ta ce in aiko a ɗauki ɗaya. A lissafinta satinsu shida da haihuwa.

Baƙa ce da fari a ƙirji da ƙafafuwa kamar ta sa safa. Na ɗora ta a sikelin da nake auna fulawa, giram 640. Abbansu ya ce tunda ran Alhamis ta zo to sunanta Lami, kyanwar Lami ba cizo ba yaƙushi. Tun da aka sauke ta ta shige ƙarƙashin keken ɗinki ba ta fito ba.

Kuɗin da ya fita: N500 tukwicin yaron da ya kawo ta. Tsohon baho na zuba wa yashi na ajiye a lungun tsakar gida. Zan riƙa rubuta yadda ake ciki saboda ƙanwata ma tana son ɗauka, na ce ta bari ta gani a kaina tukunna.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Gudawa take tun jiya, kuma laifina ne, madarar gari na dama mata har sau uku don na ga jaririya ce. Ashe yawancin maguna in an yaye su cikinsu ba ya iya narkar da sukarin da ke cikin madarar shanu. Na daina. Dafaffen ƙwai na marmasa mata da tsokar kifi ba ƙaya, da ruwa a murfin roba. Bahon yashi kuwa ba wanda ya koya mata, da kanta ta hau ta tona ta binne.

Talata, 12 ga Nuwamba

Cikin ya tsaya, ta ware. Abbansu ya samu abin wasa, yana sa hannu a ƙarƙashin bargo yana motsa yatsu ita kuma tana laɓewa ta kaɗa ƙugu ta daka tsalle ta cafke, yara na ta ƙyalƙyala dariya har Hajiya ta leƙo daga ɗakinta. Ni ma na yi mata, haƙoran kamar allura amma ba zafi sosai.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Toh. Abin ya fara wuce wasa.

Kwana huɗu ke nan tun kafin kiran assalatu take tashi, ta haye gidan sauro kamar mai hawan bishiya ta tsaya a sama tana lilo, in ka motsa ƙafa ta diro a kai. Ta huda net ɗin wuri uku. Jiya ina sallar asuba na yi sujada sai na ji abu ya ɗafe min a baya ta kan hijabi, haka na ƙarasa raka'ar da ita a gadon bayana. Da rana kuwa barci take kamar gawa, sai magariba ta gabato a sake sabon lale, ta zaga tsakar gida a guje ta hau buhu ta sauko ta laɓe bayan randa, duk wanda ya gifta sai ta kama masa agara.

Na ƙirga yaƙushin da ke hannuna da ƙafata, 11. 'Yata Yaya tana da 4. Ɗinki ma ya gagara, ina taka keke tana kai wa ƙafata hari.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Yau raina ya ɓaci sosai, har yanzu da nake rubutun nan jikina bai daina rawa ba.

Bayan la'asar Auta yana kwance a tabarma yana wasa da yatsunsa a gaban fuskarta, irin yadda ya ga ubansa na yi, ina ɗaki ina guga sai na ji ihu. Na fito na tarar ta karce shi daga gefen hanci zuwa ƙasan ido, tsakanin yaƙushin da ƙwayar idon bai kai faɗin yatsa ba. Jini kaɗan ne amma ganinsa a fuskar yaro ya sa na rasa inda zan sa kaina. Na ɗauki mafici na maka mata har sau biyu, ta yi wani irin huci da ban taɓa ji ba ta shige bayan kabad.

Na wanke wurin da sabulu ina kwarara ruwa daga buta, yana kuka ina wankewa, sannan muka tafi asibitin unguwa. Nas ɗin ta ce wankin nan shi ne abu na farko, kuma kamata ya yi a yi shi kamar minti 15, ni ban fi biyar na yi ba, sai ta sake wankewa ta sa magani. Ta tambaya ko magen tana fita waje, ko wata dabba ta taɓa cizonta, ko mun ga ta canza hali tana zubar da yawu, na ce a'a ko ƙofar gida ba ta taɓa leƙawa ba, uwarta ma muna ganinta lafiya. Ta duba katin rigakafinsa, ta ce mu sa ido a kan magen kwana 10, in ta yi rashin lafiya ko ta mutu ko ta ɓace mu dawo da shi a ranar ba sai gobe ba, saboda ciwon haukan kare ba kare kaɗai ke ɗaukarsa ba. Ta ce in wurin ya kumbura ko kaluluwa ta fito masa ko zazzaɓi shi ma mu dawo.

Da muka dawo Hajiya ta ce a mayar da ita inda aka ɗauko ta yau ɗin nan. Na ce Hajiya ku yi haƙuri ko don kwana goman da aka ce a lura da ita. Ta ce ita dai ta faɗa, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Kati da magani N2,800, adaidaita N600.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Dukan jiya bai gyara komai ba. Yanzu in na miƙa hannu sai ta kwantar da kunne ta kai cizo na gaske, ba irin na wasa ba, amma ƙafafun mutane tana nan tana farauta kamar da. Wato ni ta koyi tsoro, cizon kuwa bai ragu ba.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Mun je asibitin dabbobi ni da Yaya, a kwalin taliya muka sa ta muka huda ramuka. Likitan ya ɗaga wutsiya ya duba ya yi dariya, ya ce Hajiya wa ya ce miki mace ce? Muzuru ne. Kafin mu iso gida Yaya ta riga ta raɗa masa Ɗanlami.

Na zayyana masa komai har da maficin. Bai yi min faɗa ba amma abin da ya faɗa ya fi faɗa shiga jiki. Ya ce mun raba shi da uwarsa da wuri, aƙalla sati 8 ya kamata su yi tare, in da hali ma har 12, don a wannan tsakanin ne suke kokawa da 'yan'uwansu, wanda ya yi cizo da ƙarfi ɗan'uwan zai yi ƙara ya bar wasan ko ya rama, uwar ma ta make shi, a haka suke gane iyakar haƙori. Shi namu bai gama wannan makarantar ba muka ɗauko shi, muka kuma ba shi hannu muka ce ga ɓera. Ya ce ba mugunta ba ce, farauta yake koya, kuma asuba da magariba da nake kuka da su lokacin farautar mage ne dama, ba aljanu ba ne kamar yadda Hajiya ta fara zargi.

Abin da ya ce mu yi: kar wanda ya ƙara wasa da shi da hannu ko ƙafa, ko ta ƙarƙashin bargo. In ya kama hannu kar a fizge, fizgewa ce ke sa ya ƙara damƙa saboda abin farauta ne ke gudu, a saki hannun ya mutu, in ya saki a tashi a bar masa wurin ba magana ba kallo. A gajiyar da shi da abin wasa mai nisa da jiki minti 10 zuwa 15 sau biyu ko uku a rana, a bari ya kama abin a ƙarshe, sannan a ba shi abinci, in ya ci zai lashe jikinsa ya kwanta. Ya ja kunnena a kan farasitamol, ya ce ƙwaya ɗaya tana iya kashe mage, ko zazzaɓi na ga yana yi kar in kuskura. Albasa da tafarnuwa su ma guba ne gare shi, don haka a daina zuba masa ragowar miya. Fiya-fiya kuwa in za a fesa a fitar da shi sai warin ya fita.

An ba shi maganin tsutsar ciki, an duba ƙuma akwai kaɗan an sa magani. Allurar haukan kare sai ya cika sati 12. Nauyi giram 880. Duka N5,500, mota N1,200.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Na haɗa abin wasa, ko sisi ban kashe ba. Sandar tsohon mofa, igiyar takalmin makarantar Yaya da ya mutu, na ɗaura ƙyallayen atamfa uku da gashin zakaran da aka yanka. In na ja shi a ƙasa a hankali na ɓoye bayan turmi sai ya fi haukacewa a kan in ina kaɗa masa a fuska. Minti 12 ya yi ya zube yana haki. Na kuma cusa tsumma a tsohuwar safar Abbansu na ɗinke bakin, ita yake runguma yana harbi da ƙafafun baya.

Da daddare yanzu a kicin ɗin tsakar gida yake kwana, cikin kwali da tsohon zani saboda sanyin nan ya fara shigowa. Ya yi kuka kamar rabin awa.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Wasa bayan asuba, bayan la'asar, bayan isha'i. Cizo biyu yau, duka a ƙafata.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Kwana goma sun cika, Ɗanlami lafiya lau, fuskar Auta ta warke sai ɗan layi. Hajiya ba ta sake tada maganar mayar da shi ba, ni ma ban tuna mata ba. Shekaranjiya ma na ji tana ba Yaya labarin matar da ta shiga wuta saboda ta kulle mage ta hana ta abinci, da yadda Abu Huraira ya samo sunansa daga 'yar kyanwa.

Na fara gane alamarsa kafin ya kai hari. Baƙin idonsa sai ya buɗe ya cika idon, wutsiya ta fara bugun ƙasa, kunnuwa su juya baya. In ina shafa shi na ga haka sai in ɗauke hannu in jefa masa safar.

Laraba, 4 ga Disamba

An koma gidan jiya. Tun Litinin cizon hannu ya dawo, na rasa dalili, yau na fito daga wanka na kama ɓarawon: Abbansu ne zaune a kan kujera ya kifa Ɗanlami a cinya yana cakuɗa masa ciki da hannu, shi kuma ya rungume hannun yana cizo yana harbi. Na ce haba Abban Yaya, duk wahalar da nake sha? Ya ce ai shi ba ya jin zafi, fatarsa ta maza ce. Na ce to Auta fa, shi mage ya san hannun wa ke jin zafi da wanda ba ya ji? Muka ɗan yi sama-sama, daga baya ya ce shi ke nan a ba shi sandar, wasan bayan isha'i nasa ne daga yau. Mu gani.

Horar da magen bai kai horar da mutanen gidan wuya ba gaskiya.

Talata, 10 ga Disamba

Jiya na bar kwarkwaron zare ja a kan keke na je ɗora girki, na dawo na gan shi a ƙasa an warware, na naɗe ban kawo komai a raina ba. Yau da safe Yaya ta ƙwala min kira, Umma zo ki ga wani abu a bayan Ɗanlami. Zare ne ja ya leƙo ta duburarsa kamar tsawon ɗan yatsa. Har na kai hannu zan ja, Allah Ya sa na tsaya na kira likitan.

Ya ce kar ki ja, ko kaɗan kar ki ja. Wai in ɗaya bakin zaren ya maƙale a ƙarƙashin harshe ko a ciki, hanji sai ya tattare a jikinsa kamar yadda nake tattara siket a kan roba, in aka ja zaren yana iya yanka hanjin. Da ya kawo misalin tattara sai da tsigar jikina ta tashi, don na san yadda zare ke cin yadi in an ja da ƙarfi. Tambayarsa ta farko akwai allura a jiki? Na ruga na ƙirga alluraina na hannu, shida ne kuma shida na tarar. Ya ce in kawo shi. Ya buɗe bakin ya duba ƙarƙashin harshe ba komai, ya mammatsa cikin bai yi kuka ba, ya datse abin da ya leƙo da almakashi. Ya ce tunda yana ci yana wasa mu koma mu lura, in ya yi amai ko ya ƙi abinci ko ya yi lamo to maganar tiyata ce, kuma kuɗin da ya ambata na tiyatar ya fi abin da nake samu a ɗinkin wata guda.

Wuni na yi ina bin mage da ido ina tona kashinsa da tsinke. Ni da ko kashin Auta ƙyama nake.

N3,000 da mota N1,200. Ɗinkin mutum biyu ban taɓa ba.

Alhamis, 12 ga Disamba

Ya fito, alhamdulillahi, jiya da dare da yau da safe, a dunƙule cikin kashi. Ba amai, cin abinci kamar gara. Na sayi bokitin roba mai murfi N2,500, zare da allura da zip da maɓalli duk suna ciki. Sandar wasan ma yanzu a saman kabad take kwana saboda igiyar.

Asabar, 21 ga Disamba

Allurar haukan kare, N4,000, an ba mu kati. Kilo 1.3. Likita ya nuna min yankan farce: a danna tafin ƙafar farcen ya fito, a cire ɗan tsinin kawai, kar a kai wurin da ya yi ja-ja don nan jini yake. Ya ce in yi lokacin da yake magagin barci, ko biyu na samu na yanke a rana ya isa.

Na yi lissafin abincinsa, ƙwai da kifi da ɗan hanta da kawunan kaji da nake karɓa wurin mai kaza in dafa in cire ƙashi, yana tasar wa N2,000 a sati. Abincin maguna na leda da na gani a wani kanti na duba farashin na mayar da shi inda yake. Likita dai ya ce tuwo da shinkafa ba za su riƙe mage ba, jikinsa nama yake buƙata, hantar kuma kar ta yi yawa.

Lahadi, 22 ga Disamba

Likita ya taɓa cewa maganin irin wannan ɗan mage shi ne wani ɗan magen. Abbansu ya ce ba a gidansa ba, ɗaya ma ya ishe shi ciyarwa. Sai na roƙi maƙwabciya ta aro mana ɗan'uwansa guda da ya rage mata, shi ma ba ya fita.

Ban yi zaton sun manta juna ba. Ɗanlami ya gantsare baya, gashin wutsiya ya tashi kamar burushi, suka yi ta huci kusan awa guda kowa na gefensa. Can na ja ƙyallen a tsakaninsu sai suka bi tare, kafin ka ce me sun sarƙe suna birgima. Ina kallo namu ya kama wuyan ɗan'uwan da ƙarfi, wancan ya tsala ƙara ya make shi a fuska ya haye kan turmi ya juya masa baya. Ɗanlami ya tsaya sororo yana kallonsa, irin ni me na yi. Da suka koma kokawar sai na ga bakin nasa a buɗe yake amma ba ya datsewa. Abin da na yi wata guda ina fama a kai, ɗan'uwansa ya faɗa masa da mari ɗaya.

Ranar ko wasan isha'i bai nema ba. Mun shirya za a riƙa kawo shi Laraba da Lahadi.

Lahadi, 29 ga Disamba

Sati guda ba wanda ya zubar da jini. Har yanzu yana laɓewa bayan randa ya taɓa ƙafa da tafi ya gudu, amma farce a ciki. Auta ya koyi riƙe sanda, an hana shi ɗaukarsa ta ciki.

Laraba, 8 ga Janairu 2025

Ya kashe kyankyaso biyu, ya kawo wutsiyar ƙadangare ya ajiye a kan dardumar Hajiya. Ɓera kuwa, wanda dominsa aka kawo shi, ko ɗaya bai kama ba, sai dai motsinsu a silin ya ragu, ko sanyi ne ko warinsa suka ji oho.

Alhamis, 16 ga Janairu

Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Tauna ta dawo, ba ta mutane ba dai, ta kaya. Ya datse wayar cajar Abbansu gida biyu, Allah Ya taimaka ba wuta lokacin, sabuwa N3,500 kuma sai da na sha mita. Ya tauna kunnen silifas ɗin Yaya da gefen kwalinsa. Ina shara na tsinci wani ɗan farin abu a tabarma bai kai ƙwayar shinkafa ba, haƙori ne. Famfara yake. Haƙoran yarinta 26 ne, na girma 30, likita ya ce sai wajen wata shida ko bakwai za su gama fitowa, dasashin na masa ƙaiƙayi ne. Jiya ya ɗan kama yatsana, na saki hannun kamar yadda aka koya min, ya lasa ya bari.

Duk wata waya an ɗage ta sama. Na ɗinka masa safa ta biyu da yadin jins mai kauri.

Talata, 21 ga Janairu

Kilo 1.8. Wasa sau biyu yanzu ya ishe shi, na asuba da na isha'i, kuma Abbansu bai fasa nasa ba ko sau ɗaya, in ba shi haƙƙinsa. Ban da abinci, abin da na kashe tun zuwansa da asibitin Auta da cajar ya kama N24,800.

Abin da ke gaba: maganin tsutsa zagaye na gaba a ƙarshen wata, gidan sauro sabo, sai maganar fiɗiya. Likita ya ce a yi wajen wata biyar zuwa shida kafin ya fara fesa fitsari a bango da haura katanga neman mata yana dawowa da rauni. Hajiya ta ce ita ba ta taɓa jin an yi wa muzuru haka ba, Abbansu ya ce zai tambayi malaminsu ran Juma'a. Ƙanwata ta kira ɗazu, magen maƙwabciya ta sake ɗaukar ciki, na ce mata in an haihu ta bari su cika wata uku, kuma biyu za ta ɗauka.